Ba Rauni, Ba Dafi

Juma'a, 7 ga Mayu, 1999, bayan la'asar

Yaya Abdulbaqi ya dawo. Da ƙafarsa ya shigo ana saukowa daga masallaci, sanye da rigar da aka tafi da shi a cikinta. Ya ce a bakin Ƙofar Na'isa suka sauke shi, ya tako har unguwarmu, Soron Ɗinki. Takalmin ƙafarsa ba nasa ba ne.

Baba ya tsayar da shi a soro, ya sa ya tuɓe riga a gaban Kawu Ado da maƙwabtan da suka biyo shi. Ina leƙe ta ƙofar cikin gida. Baba ya juya shi, ya duba gadon baya, ya duba haƙarƙari, ya sa ya buɗe baki, har tafin ƙafa sai da ya gani. Babu ko ƙwarzane. Baba ya ce alhamdu lillahi, ba su taɓa shi ba. Kowa ya ɗauka, ba su taɓa shi ba, ba su taɓa shi ba. Na san kafin magariba maganar za ta kai unguwar Sheshe.

Inna ba ta fito ba, ɗan fari ne. Ta ɗora ruwan zafi, ta ce in gaya wa yaron nan ya yi wanka. Daga nan ta koma gindin rijiya ta yi ta wanke tukunya ɗaya.

Na kai masa ruwa ɗaki. Ya riƙe kofin yana kallona. Ya tambaye ni ko ina zuwa koyarwa lafiya, ko wani ya taɓa tsayar da ni a hanya. Na ce a'a. Ya ajiye ruwan bai sha ba.

Asabar, 8 ga Mayu, da hantsi

Gida cike da 'yan barka. Kowa na son jin dalili, babu mai dalilin. Abin da muka sani bai wuce wanda muka sani tun watan jiya ba: farar mota marar lamba ta tsaya a ƙofar shagonsa na fotokwafi a Shahuci, aka tafi da shi da baƙar jakarsa. Shi sun dawo da shi. Jakar ba su dawo da ita ba.

Kawu Ado ya kira ni gefe ya tambaye ni me ke cikin jakar. Na ce wasanmu ne. Ya ce wane wasa. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani. Yaya ne ya koyo shi a jami'a wajen wani ɗan Legas, ya juya shi da Hausa. Duk Juma'a bayan la'asar muke yi a soro. Yaya shi ne mai labari, shi ke zana gari a takarda da ganuwa da ƙofofi, shi ke faɗin abin da ya faru, shi ne kuma alƙali in an yi gardama. Mu uku kowa da mutuminsa da aka rubuta ƙarfinsa da makaminsa. Modu yana da Kacalla mai garkuwa. Sabo, ɗan shi Kawun, yana da Wanzami. Nawa Garba Maidafi ne, maharbi. Sunan namiji na ba shi don Sabo ya taɓa cewa mace ba ta harbi. In mutuminka zai kai sara ko harbi, sai ka jefa dayis ɗin ludo a ga ko ya samu.

Kawu ya daɗe yana kallona, ya ce manya da ku, tatsuniya da rana tsaka? Ya yi tsaki ya tafi. Ban gaya masa cewa garin da Yaya ya zana ya yi kama da Kano ba. Wane gari ya sani da zai zana?

Modu ya zo da dabino a leda. Tun makarantar allo suke tare da Yaya, gidansu na bayan namu, kakanninsa 'yan Barno ne, kuma har yau sana'ar gidansu yake yi, rubuta Alƙur'ani da hannu. An sa ranar aurenmu ni da shi bayan sallar Takutaha. Na shiga na ce da Yaya ga Modu. Ya juya fuska bango ya ce in ce yana barci.

Modu bai ji haushi ba. Ya miƙo min ledar ya ce, “Ki bar shi ya huta, Malama. Juma'a ai dole ya fito ya yanke mana hukuncin nan, in ga ƙarshen taurin kanki.”

Lahadi, 9 ga Mayu, azahar

Sun tafi da Modu.

Litinin, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Mun je wa Ya Bintu, mahaifiyar Modu, jaje ni da Inna. Motar nan ce dai. A soronsu suka same shi yana rubutu, tawada ta kife a kan shafin da ya kusa gamawa. Ya Bintu ta hana a ɗauke. Na gani da muka wuce.

Mata cike da tsakar gida. Muna zaune wata tsohuwa ta ce da Inna, ku naku ya dawo lafiya lau ko, an ce ko taɓa shi ba su yi ba. Kalmomin Baba ne, ba ta ƙara ko ɗaya ba. Amma tsakar gidan ta yi tsit. Inna ta ce Allah ya bayyana, ta ja mayafi, muka fito.

Laraba, 12 ga Mayu, bayan azahar

Littattafan yara na gabana ban duba ko ɗaya ba. Bari in rubuta gardamar nan yadda ta faru, don takardun sun tafi, kada in manta.

Juma'ar ƙarshe da muka yi wasa, mutanenmu uku sun isa ƙofar gari ta arewa, mai gadi ya tare hanya. Na ce Garba ya harbe shi. Na jefa dayis, kibiya ta same shi. Na sake jefawa don a ga girman rauni, biyu ta fito. Yaya ya ce sulken mai gadi yana cinye biyu. Ke nan saura babu, ko jini bai fita ba. Na ce to ba komai, ai dafi ya kama shi. A takardar Garba, da rubutun Yaya, an ce duk wanda kibiyarsa ta sama zai sandare har zagaye uku. Ta sama aka ce. Ba a ce ta huda ba.

Modu ya ce sam. Ɓangarenmu ɗaya ne a wasan, in mai gadi ya sandare shi ma Kacallansa ya huta, amma shi haka yake, ba ya cin abin da bai ga halaccinsa ba ko da a wasa. Ya ce dafi baƙo ne, sai da ƙofa yake shiga, ƙofarsa kuwa rauni. Ba rauni, ba dafi. Sabo ya goyi bayana, amma shi ba hujja gare shi ba, so yake kawai a shiga gari ya sace tulun zuma da Yaya ya ce akwai a kasuwa. Muka ce a duba littafin Turancin. Shafin da ya kamata ya yi maganar yana cikin waɗanda ɗan Legas bai ba Yaya ba. Aka kira magariba muna yi. Yaya yana dariya ya ce a bari sai Juma'a, alƙali zai kwana a kai.

Ga abin da ban faɗa ba a ranar, sai yanzu ya zo min. Wanzamin Sabo yana watsa toka a ido, mutum ya makance zagaye ɗaya, ba mu taɓa neman jini ba. Raga in aka jefa wa mutum ta ɗaure shi, ba rauni. Kulki ya sami mai sulke, ko bai fasa ba ai yana kayar da shi. To Kacallan Modu fa? Yana da ihu, in ya yi maƙiya su firgita su ja baya. Ashe nasa ihun yana kama mutum ba jini, nawa dafin ne sai da jini.

Na san abin da zai ce. Zai gyara hula ya ce ai kunne ma ƙofa ne, Malama.

Ba zan ƙara rubutu yau ba.

Juma'a, 14 ga Mayu, la'asar

Ba kowa a soro. Zafi kamar gari zai kama da wuta, hadari ya haɗu ya watse.

Lahadi, 16 ga Mayu, da hantsi

Yaya bai buɗe shago ba har yau. Abinci yadda na kai haka nake ɗaukowa, sai dai ya taɓa gefen tuwon don Inna. Jiya Baba ya matsa masa ya fita sallar la'asar. Ya dawo kafin a idar. Sabo ya ce da Yaya ya shiga sahu mutumin da ke damansa ya matsa, ya bar gurbi tsakaninsu, babu wanda ya cike.

Baba ya ce butulci ne mutum ya fito daga inda ya fito da gaɓoɓinsa cif, ya zo yana kwance kamar mai jinya. Ya sa an kira wani likita abokinsa. Ya auna shi, ya danna ciki, ya haska ido, ya ce lafiyarsa ƙalau. Baba ya ce kun ji ko.

In aka rufe ƙofa da ƙarfi a maƙwabta, Yaya yana toshe kunnuwa da hannu biyu. Ni kaɗai na gani.

Talata, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Sabo ya biyo daga shagon ɗinkinsa da zare a gashin kai. Shi kaɗai ne bai canja ba, har yanzu in ya gan ni sai ya ce ga baiwarsa. Ya ce mu tada wasan ranar Juma'a ko Yaya zai fito. Na ce babu takardu. Ya ce takarda ce ta ƙare a Kano? Na ce babu Modu. Ya ce shi zai riƙe masa Kacalla kafin ya dawo.

Matarsa Ladi ta shiga watan haihuwa. Ya ce in namiji ne Wanzami zai riƙa kiransa. Na yi dariya. Sai na ji kamar na yi sata.

Juma'a, 21 ga Mayu, kafin magariba

Yaya ya fito. Sabo ya shimfiɗa tabarma, ya zana ƙofar gari a bayan kwalin sabulu, muka aro dayis a gidan Kawu. Yaya ya zauna a inda ya saba zama, ya jingina da bango. Ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa.

Sabo ya yi ta surutu, ya ce jama'a suna jiran alƙali, mai gadi ya gaji da tsayuwa wata guda da kibiya a ƙirji. Na kawo hujjojina duka, da toka da raga da kulki da ihu. Yaya yana saurare, idonsa a kan kwalin. Da na gama ya ce a hankali, “Modu ne da gaskiya. Ba rauni, ba dafi. Mai gadi yana nan tsaye, babu abin da ya same shi.”

Sabo ya ce to alƙali ya jefa wa mai gadi, ramuwarsa ce. Yaya ya kai hannu zai ɗauki dayis, ya kasa. Dayis ɗin yana zamewa, ya bi shi a tabarma har ya faɗa ƙarƙashin ƙofa. Sabo ya ce ya tuna akwai mai karɓar ɗinki, ya tashi ya fita.

Muka rage mu biyu. Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce a kan kujera suka ajiye shi a wani ɗaki, ba duka, ba zagi, har shayi suna ba shi. Sai dai bangon ɗakin siriri ne, kuma akwai mutane a ɗaki na gaba, kuma su ba shayi ake ba su ba. Dare da rana yana ji. Suka baza masa takardunmu a tebur. Taswirar gari da ƙofofi, da jerin makamai, da abin da ya rubuta a ƙasan shafi don kada ya manta inda muka tsaya: Juma'a, ƙofar arewa, Garba Maidafi da mai gadi, a yanke maganar dafi. Ga miƙa mulki saura 'yan makonni. Ya rantse musu wasa ne. Babbansu ya ce ya yarda, wasa ne, to a wasan wa ke riƙe da Garba? A kawo shi ya tabbatar, shi ke nan, kowa ya tafi gida.

“Tambaya ɗaya ce, Bahijja. Kullum ita. Wane ne Garba Maidafi.”

Aka kira salla. Ban tambaye shi amsar da ya ba su ba.

Asabar, 22 ga Mayu, bayan asuba

Na sami Baba a kan buzu yana lazimi, na durƙusa na gaya masa komai. Na ce a kai ni in faɗa musu da bakina, a sako ɗan mutane. Ya ce a kai ki ina? Wa ya san inda suke? Ofis nawa shi da Kawu Ado suka shiga a watan jiya, kowa ya ce ba a wajensa ba. Na ce to in gaya wa Ya Bintu ko za ta san inda za ta kai maganar.

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya ce in na sake na buɗe baki ga wani mahaluki bai yafe min ba. Ya ce namiji ya shiga can ya fito, ana yi masa barka. Mace in ta kwana ɗaya a can, ko ba a taɓa ta ba, ta gama aure a garin nan. Ya ce saura mako guda soja su tafi, za a buɗe ƙofofi, Modu zai dawo, a yi biki, a manta.

Ya koma jan carbinsa. Na ga ba ya ƙirgawa, juya shi kawai yake.

Talata, 25 ga Mayu, azahar

Yara na ta gwajin fareti a filin makaranta. Hagu, dama, hagu, dama. Hedimasta ya ce in koya wa 'yan ajina ma'anar dimokuraɗiyya. Na rubuta a allo na ce su kwafa.

Ban san fararen motoci suna da yawa haka a Kano ba.

Alhamis, 27 ga Mayu, la'asar

Na haɗu da Ya Bintu a bakin lungu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta dafa kaina ta ce in yi ta addu'a, ni ma abin ya shafe ni. Hannunta yana kaina ina kallon ƙasa.

Asabar, 29 ga Mayu, bayan azahar

An rantsar da sabon shugaban ƙasa. Maza sun taru gidan Kawu Ado kallon talabijin, ana ɗauke wuta ana kawowa. Ana ta busa hon a titi. Baba ya dawo da fara'a ya ce an gama, mulki ya dawo hannun farar hula.

Ya Bintu ta share ɗakin Modu tun safe, ta yi turaren wuta har muna jin ƙamshin ta katanga, ta dafa burabusko. Ta sa kujera a soro ta zauna. Har yanzu da nake rubutun nan tana can.

Yaya bai je kallo ba. Ya tambaye ni ko an faɗi wani abu game da waɗanda ake tsare da su. Na ce an yi jawabi mai tsawo.

Litinin, 31 ga Mayu, magariba ta kusa

Shiru.

Laraba, 2 ga Yuni, da hantsi

Sun ɗauki Sabo a shago, ƙafarsa na kan keken ɗinki. Motar ce dai, ba a ko sake mata fenti ba. Kawu Ado ya zo yana ta maimaita wa Baba cewa ai an ce an gama, ai an ce an gama. An kwantar da Ladi a ɗakin Inna.

Zan rubuta wannan sau ɗaya. Da na ji labarin, abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne Modu ya kusa dawowa. Na yi murna kafin in yi kuka. Allah ka gani.

Juma'a, 4 ga Yuni, bayan la'asar

Modu ya dawo. A bakin Ƙofar Na'isa shi ma, amma shi sai da mai baro ya taimaka aka kawo shi.

Ban gan shi ba. Inna ta je ta dawo ta shige ɗaki. Daga baya ta ce hannun dama ne. Yatsun. Ta ce babu wanda ya tuɓe masa riga, ba a buƙata.

Mutane na ta tururuwa gidan, har daga Sheshe da Shahuci, ana cewa gwarzo ne, ya sha wuya bai yi magana ba. Duk wanda ya fito sai ya kalli ƙofarmu kafin ya wuce. Yaya ya saka riga, ya saka hula, ya zo har soro, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ya koma ɗaki.

Lahadi, 6 ga Yuni, azahar

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, indararo na zuba, katangar bayan gida ta jiƙe har ta fara zubowa.

Ya Bintu ta aiko ƙaninta wajen Baba. A ɗaga biki sai yaro ya warke. Baba ya tambaya zuwa yaushe. Ya ce sai yadda Allah ya yi. Inna ta mayar da kwanukan da ta fara fitarwa ƙarƙashin gado.

Talata, 8 ga Yuni, bayan la'asar

Modu ya aiko a kira ni. A soronsu, ƙanwarsa na zaune a bakin ƙofa. An naɗe hannun da farin ƙyalle da karare, ya ɗora shi a kan matashi. Alƙalumansa na nan jere a gwangwani. Ya ce in daina kallon hannun, in kalle shi.

Ya ce jibi za a tafi da shi Maiduguri wajen wani mai ɗori, bai san yaushe zai dawo ba. Mai ɗorin nan na gida ya ce zai iya cin abinci da shi, rubutu kuwa sai dai a yi addu'a. Ya faɗa kamar labarin wani yake bayarwa.

Na ce na san tambayar da suka yi masa. Ya ce ya san na sani. Da farko ya ce musu shi ne Garba, tun da haka aka gaya musu. Sai suka ba shi takarda ya yi rubutu, suka ga hannun da ya cike takardar Garba da ƙananan bayanai ba nasa ba ne. Nawa ne, na san shafin, har da zanen kibiya a gefe. Daga nan suka koma kan hannun.

“Ana ta cewa ban yi magana ba. Na yi, Malama. Ni na ce Sabo ne.”

Na ce me ya sa bai faɗi gaskiya ba. Ya kalle ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce ba ya jin haushin Abdulbaqi, ko kusa, da shi ne a kujerar farko abin da zai yi ke nan. Amma ba ya son ganinsa. Ya ce kuma ba ya jin zai iya haɗa ido da Ladi har ya mutu.

Ban tambaye shi maganarmu ba. Shi ma bai tayar ba.

Alhamis, 10 ga Yuni, da hantsi

Sun tafi tasha da sassafe. Na ji fitarsu ta katanga.

Mu huɗu ne a wasan. Kullum yanzu da hijabi nake wuni ko a cikin gida, takalmina a bakin ƙofa. Inna ta lura. Baba ya ce in tafi Wudil wajen gwaggo in huta. Na ce jarrabawar yara ta kusa.

Ladi ta sauka jiya da azahar. Namiji.

Asabar, 12 ga Yuni, bayan la'asar

Sabo ya dawo da safe, a kan acaɓa, har da burodi a hannu. Kawu Ado bai tuɓe masa riga ba. Ya ɗauki ɗansa ya yi masa huɗuba, ya yi kuka, ya ci tuwo kwano biyu.

Da mutane suka ragu ya same ni a gindin rijiya ina wanki. Ya tsuguna, bai ce baiwarsa ba. Ya ce yana da maganar da gara in ji daga bakinsa.

Ya ce ko zama bai gama yi a kujerar ba suka yi tambayar, shi kuwa ya ji abin da ke faruwa a ɗaki na gaba, ya tuna Ladi. Ya ce musu Garba Maidafi mace ce, 'yar gwaggonsa, malamar firamare, tana koyar da 'yan aji uku. Ya ba su sunana, da sunan makaranta, da kwatancen gida.

Na ce sai me.

“Sai suka yi dariya. Babban har da buga tebur. Ya kira na waje ya ce ku zo ku ji, maharbin namu ashe malama ce. Ya dubi rubutun ya ce wallahi kuwa hannun mace ne. Ya tura takardun cikin kwali.”

Ya ce daga ranar babu wanda ya sake tambayarsa komai. Sun manta da shi ne kawai a ɗakin, suna ta ɗaure fayil-fayil ana fita da su, sai yau wani ya buɗe ya ce kai kuma me kake yi a nan.

Na ci gaba da cuɗa rigar da ke hannuna. Sabo ya ce in yafe masa. Na ce ba komai. Ya ce wataƙila da a watan jiya ne da ba su yi dariya ba, lokacin soja na nan, wa ya sani. Na ce haka ne, wa ya sani. Muka yi ta faɗin haka ni da shi.

Tagar Yaya na buɗe a can ƙarshen tsakar gida, ina hango bayansa, yana zaune a bakin gado. Sabo ya bi idona da kallo. Ya rage murya ya ce Yaya da Modu fa, a gaya musu?

Na ce kada ya kuskura. Ko Ladi kada ta ji. In an tambaye shi, ya ce bai faɗi sunan kowa ba.

Ya ce to ai sai a ɗauke shi gwarzo.

Na ce ya haƙura ya zama.